Gadar ƙarfe a cikin karan alkama: wa ya yi tsofaffin hotunan kara na Wales?

A kasuwar tsofaffin kaya ta Birtaniya, inda ake gwanjon kujerun kakanni da agogunan bango da kwanukan tangaran, akan ci karo da wasu ƙananan hotuna masu launin zuma, an saka su cikin firam ɗin katako an rufe da gilashi. Daga nesa za ka ɗauka zanen fenti ne da shekaru suka dafa har ya yi ja. Sai ka matso ka ga ashe kara ne. Ruwan da ke ƙasan hoton karan alkama ne da aka tsaga aka shimfiɗa a kwance. Ginshiƙan gadar kara ne, an yanka shi gutsi-gutsi an jera kamar tubali. Sarƙoƙin da gadar ke rataye a jikinsu siraran zaruruwa ne na bayan kara, kowanne bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, an lanƙwasa su daga wannan hasumiya zuwa waccan. A ƙarƙashi ga jirgin ruwa mai filafilai yana wucewa, shi ma kara. Ka ɗan karkata firam ɗin, sai ruwan ya ɗauki haske ya yi walƙiya, tsaunin da ke bayansa ya yi duhu. Ka karkata shi ɗaya gefen, su yi musanya.

Wuraren da aka fi gani a cikin irin waɗannan hotuna na arewacin Wales ne: mashigin ruwan Menai da ya raba tsibirin Anglesey da babban yanki, da garin Conwy mai tsohon gidan yaƙi a bakin kogi. Kusan ba a samun sa hannun wanda ya yi su. Da yake abin da ba shi da mai shi kowa na iya raɗa masa suna, an daɗe ana jingina duk wani tsohon aikin kara a Birtaniya ga fursunonin yaƙi na Faransa na zamanin Napoliyon. Labarin yana da daɗin ji, yana kuma ƙara wa kaya kuɗi. Ni kuwa ina ganin a kan hotunan gadoji na Wales wannan labari yana cin haƙƙin wasu bayin Allah, kuma hoton da kansa yana ɗauke da shaidar da za ta raba gardama, in dai an tsaya an duba.

Kafin a kai ga shaida, yana da kyau a san wahalar da ke cikin aikin, don wanda bai san yadda aka yi abu ba ba zai san darajarsa ba. Ana neman kara mai tsawo na alkama ko sha'ir ko danginsu na ƙasashen sanyi, wanda aka yanka da lauje ba a tattake shi ba. A yanke gaɓoɓin a zubar, a ɗauki tsakanin gaɓa da gaɓa a jiƙa a ruwan ɗumi har ya yi laushi. Sai a tsaga shi a tsaye da bakin wuƙa, a buɗe, a kankare ɗan farin naman da ke cikinsa, a murje shi da ƙashi ko dutsen guga har ya kwanta lumui kamar ƙyalle. Wanda ya taɓa ɓare karan dawa yana yaro don ƙera mota ya san halin bayan kara: santsi, ƙyalli, da kaifin da ke yanka yatsa ba sallama. Waɗannan siraran tsage ne ake mannawa a kan takarda gefe da gefe, da gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashi ko da kunun fulawa, sannan a yanko siffar da ake so daga cikin shimfiɗar, a kai ta mazauninta a jikin hoton.

Sirrin aikin yana cikin ƙyallin nan. Bayan kara yana ɗauke da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi da gilashi, kuma jijiyoyinsa duk hanya ɗaya suke bi. Saboda haka tsage biyu daga kara guda, in aka kwantar da ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, ido zai gan su kamar launi biyu ne daban. Mai zanen fenti yana haɗa fari da baƙi ya samu inuwa. Mai aikin kara juya hannu kawai yake yi. In yana son fari tas, ya turara karan da hayaƙin farar wuta. In yana son ruwan ƙasa, ya ɗan babbaka shi da ƙarfe mai zafi. Kore da ja da shuɗi kuwa sai an rina.

To daga ina Faransawa suka shigo? Ba ƙarya aka ƙaga musu ba. Aikin manna kara a jikin akwatuna tsohuwar sana'a ce a Faransa tun kafin juyin juya halinsu, har a gidajen ibada na masu zuhudu ana yin ta. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Faransa, aka kama dubban sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa aka kawo su Ingila. A 1797 aka buɗe sansanin Norman Cross kusa da garin Peterborough, wanda aka gina musamman don tsare su, kuma akwai lokacin da mutanen cikinsa suka haura 6,000. Mutum yana zaune shekara da shekaru ba aikin fari ba na baƙi, ga ƙashin naman da aka ci, ga karan shimfiɗa. Suka shiga sassaƙa jiragen ruwa da ƙashi, suna ƙawata akwatunan shayi da na ɗinki da kara, ana cin kasuwa a ƙofar sansanin, mutanen gari na zuwa saye. Har yau gidan tarihi na Peterborough yana riƙe da tarin kayansu. Hannunsu ya yi kyau har hukuma ta hana su saƙar igiyar kara ta yin malafa, don kada su kashe wa masu saƙa na gida kasuwa, irin na yankin Luton da Dunstable. Hanin bai hana fasa-ƙwauri ba.

Wales ma ta ga nata rabon. Hafsoshin da suka yi rantsuwar ba za su gudu ba an zaunar da su a ƙananan garuruwa irin su Llanfyllin, Welshpool, Montgomery, Brecon da Abergavenny, suna yawo cikin gari da sharaɗin kada su wuce iyakar da aka shata musu. A Llanfyllin har yanzu akwai gidan da ke da zanen tsaunuka a bangonsa, wanda ake danganta wa ɗaya daga cikin hafsoshin. Saboda haka in wani ya ce Bafaranshe ya taɓa zama a Wales yana aikin hannu, gaskiya ya faɗa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. An yi sulhu a 1814, aka mayar da fursunonin gida. Waɗanda aka kama bayan yaƙin Waterloo a 1815 ma ba su daɗe ba, kuma a 1816 aka rushe sansanin Norman Cross. Gadar Menai mai rataye da sarƙa, wadda ita ce sarauniyar waɗannan hotuna, a 1819 aka fara gina ta, aka buɗe ta ranar 30 ga Janairun 1826. Fursunan da ya koma Faransa shekara goma sha biyu kafin nan ba shi da yadda zai zauna a kurkuku yana manna hotonta. Haka gadar sarƙa ta Conwy, ita ma a 1826 aka gama. Duk hoton kara da ka ga ɗaya daga cikin gadojin nan a ciki, maganar fursunonin Napoliyon ta faɗi, ko da wane ne ya rubuta ta a takardar gwanjo.

Gadojin suna ba da shaida fiye da haka, domin kowacce ta zo da shekararta. Bayan Birtaniya ta haɗe da Ailan a 1801, 'yan majalisar Ailan da wasiƙun gwamnati sun zama dole su riƙa bin hanyar Landan zuwa tashar jiragen ruwa ta Holyhead, a can ƙarshen Anglesey. Mashigin Menai kuwa ruwa ne mai mugun ja, kwale-kwale sun sha kifewa da mutane a cikinsa, masu koro shanu daga tsibirin zuwa kasuwannin Ingila sai dai su tura dabbobin su yi iyo. Aka ba injiniya Thomas Telford aikin hanya da gada, da sharaɗin rundunar ruwa cewa a bar sararin ƙafa 100 a ƙasa don manyan jirage su wuce da tsayinsu. Ya rataye titi mai tsawon mita 176 tsakanin hasumiya biyu a jikin sarƙoƙi 16 na ƙarfe, waɗanda aka jiƙa da mai don kada su yi tsatsa. A watan Afrilun 1825 mutum 150 suka ja sarƙa ta farko sama da ƙarfin damtse, jama'a sun yi dafifi a gaɓa biyu suna kallo. Mutanen da suka ga wannan rana da idonsu, ko suka ji labarinta daga bakin iyayensu, ba abin mamaki ba ne su so rataye hoton gadar a bangon ɗaki.

Bayan shekara ashirin da ɗoriya jirgin ƙasa ya iso, shi kuma ba ya hawa gadar da ke lilo. Robert Stephenson, tare da William Fairbairn, ya fito da wata dabara da ba a taɓa gani ba: dogayen akwatunan ƙarfe masu kusurwa huɗu, jirgi ya shiga ta ciki ya fita kamar zare a kafar allura. Ya fara gwadawa a Conwy a 1848, daf da gadar Telford, sannan ya kafa babbar, gadar Britannia, a kan Menai, aka buɗe ta a watan Maris na 1850, da zakuna huɗu na dutse suna gadin ƙofofinta. Hoton Menai da ke da wannan doguwar akwati bai girmi 1850 ba. A kan tudun da ke kallon mashigin akwai dogon ginshiƙi da aka gama a 1817 don girmama basaraken Anglesey da ya rasa ƙafarsa a Waterloo, amma sai a 1860 aka ɗora gunkinsa a sama. Ɗan tsinken kara guda a kan ginshiƙin nan ya isa ya matso da shekarun hoto gaba da shekara goma.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma masu saye da yawa na faɗawa. Abin da ke cikin hoto yana gaya maka ranar da ba za a iya wuce ta baya ba. Abin da babu a cikinsa ba ya gaya maka komai. Hoton Conwy da ke nuna gidan yaƙin da Sarki Edward na Ɗaya ya gina tun 1283 da gadar sarƙa kaɗai, babu akwatin Stephenson, ba lallai ne an yi shi kafin 1848 ba. Masu wannan aiki ba kullum suke zama a bakin ruwa suna kallon gada ba. Zanen ɗab'i da ke yawo a littattafan matafiya da kan takardun wasiƙa shi ne madubinsu, kuma zanen da aka buga a 1830 ana iya kwaikwayonsa a 1880. Wani ma da gangan zai cire akwatin don yana tare masa kyan wuri. Shi ya sa mai lura ke juya firam ya duba baya: irin ƙusar da aka buga, ƙirar maƙeri ce ko ta inji, gilashin yana da 'yar igiyar ruwa irin ta tsohon gilashi ko sumul yake, takardar da aka liƙa a baya ko tsohuwar jarida ce mai kwanan wata. Launi ma yana magana. A 1856 William Perkin ya gano rinin shunayya na sinadari, bayansa sauran launuka masu ƙarfi suka cika kasuwa. In aka ɗaga gefen firam, inda rana ba ta taɓa ba, aka tarar da shunayya mai kashe ido, to hoton ya fi kama da na rabin ƙarni na biyu.

Me ya sa gada? Wannan ce tambayar da ta fi ɗaukar hankalina. Tun kafin gadojin, Wales ta riga ta zama wurin yawon buɗe ido. Yaƙi da Faransa ya toshe wa masu kuɗin Ingila hanyar Italiya da tsaunukan Turai, sai suka juya ga tsaunin Snowdon da kogin Wye da kangon tsofaffin gidajen yaƙi. Abin da manyan masu zane suka koya musu nema shi ne kufai, hazo, magangarar ruwa, ɗan makiyayi shi kaɗai a gindin dutse. Wales ɗin da ke cikin wannan kallo ƙasa ce da zamani ya manta da ita. Mai aikin kara kuwa gada yake sawa a tsakiya, ƙarara, ya ƙirga ginshiƙanta, ya jera sandunan da titin ke rataye a kansu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara jirgin ruwa mai hayaƙi ko jirgin ƙasa yana shirin shiga akwati. Wani ɓangare na dalilin daga kayan aikin ne: kara miƙaƙƙen abu ne, ya fi dacewa da layin gini da na ƙarfe fiye da gajimare ko fuskar mutum, shi ya sa wasu ke shafa sararin sama da fentin ruwa su bar wa kara sauran. Wani ɓangaren daga kasuwa ne, domin layin dogo na Chester zuwa Holyhead ya kawo baƙi, garin Llandudno ya tashi a bakin teku a shekarun 1850, kuma baƙo ba ya komawa gida sai da tsaraba. Amma ina ganin akwai alfahari a ciki. Ƙidayar 1851 ta nuna masu aikin masana'antu a Wales sun fi masu noma yawa. Ƙasa ce ta ƙarfe da kwal da dutsen allo, kuma 'ya'yanta ne suka fasa dutsen Penmon da aka gina hasumiyoyin Menai da shi.

Akwai shaidar wannan alfahari da ke da suna da shekara. Wani tela a garin Wrexham, James Williams, ya kwashe shekara goma, daga 1842 zuwa 1852, yana haɗa wani bargo da guntayen ƙyallen da suka rage a shagonsa, fiye da guda 4,500. A jikinsa ya ɗinka jirgin Annabi Nuhu da kifin Annabi Yunusa, a gefensu kuma ya ɗinka gadar Menai da gadar jirgin ƙasa ta Cefn da jirgi a kanta. Bargon yana gidan tarihi na St Fagans kusa da Cardiff. Mutumin da ya ajiye gadar Telford kusa da jirgin Nuhu ya gaya maka matsayin da take da shi a zuciyarsa. Hannun da suka yi hotunan kara daga irin wannan duniyar suka fito, kuma kara ba baƙonsu ba ne. A ƙauyukan Wales ana naɗa shi a ɗinke da ɓawon ƙaya a yi kwanduna da amya da manyan kujeru masu rumfa, a Niwbwrch ta Anglesey kuwa mata sun shahara da saƙa tabarmi da ciyawar tudun yashi.

Duk da haka kalmar "na Wales" da ake liƙa wa hoto tana bukatar a yi mata tambaya. Tana iya nufin wurin da ke cikin hoton, tana iya nufin inda aka yi shi, tana iya nufin asalin wanda ya yi shi, kuma ukun ba dole su haɗu ba. Gadar Menai ta yi suna har an buga ta a jikin farantai da kofuna a masana'antun Ingila. Wata baiwar Allah a Liverpool da ta je hutu ta dawo da zane tana iya zama ta yi nata da kara. Abin da ke ƙarfafa zancen shi ne tarihin hannun da hoton ya bi: gidan gonar da aka fito da shi, rubutun harshen Wales a bayansa, ko samun 'yan'uwansa masu salo ɗaya a yanki ɗaya. Dillalin kirki yana bambanta abin da ya gani da abin da ya ji.

Abin da ya sa aka rasa sunayen masu aikin ba haɗari ba ne. Jim kaɗan bayan kafa babbar makarantar zane ta sarauta a Landan a 1768, ta kafa dokar cewa ba za a karɓi aikin allura, furen roba na hannu, yankan takarda, adon ƙwanso da makamantansu a bajekolinta ba. Da wannan aka ja layi: fenti a kan zane shi ne fasaha, sauran wasan hannu ne na mata da talakawa da marasa aikin yi. Wales ta ƙara shan wani kashin, domin an daɗe ana kiranta ƙasar waƙa da wa'azi, ana cewa majami'unta marasa ado sun hana mutanenta idon zane. Iorwerth Peate, wanda ya jagoranci buɗe St Fagans a 1948, da masanin tarihi Peter Lord daga baya, sun yi aiki tuƙuru wajen nuna cewa fasahar tana nan, a cikin cokulan soyayya da samari ke sassaƙawa, da barguna, da zanen da masu fasa dutse na kwarin Ogwen ke yi a jikin allon murhu. A wannan sahu hotunan kara suke. In aka ɗauke su aka ba fursunan Faransa, an maimaita tsohon rainin ne da sabuwar riga, kamar ana cewa ɗan ƙauyen Anglesey ba zai iya wannan ba sai baƙo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗanda suka rage ba su da yawa, kuma suna da rauni. Rana tana cinye rini, shi ya sa hoton da aka yi da koren ciyawa da shuɗin ruwa yau ya koma launin zuma baki ɗaya, alhali cikin murfin akwatin kara na zamani ɗaya launinsa na nan raɗau. Laima tana sakin gam, zafin murhu yana busar da shi ya karye, ƙwari suna bin kunun da aka manna da shi. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya shafa fenti ko man ƙyalli, ba ya kuma sa gam na zamani da ba a iya cirewa. In tsage ya ɓace, samun madadinsa ma aiki ne, domin alkamar yau an gajarta ta don ta ɗauki taki ba ta faɗi ba, injin girbi kuma yana markaɗe karan. Sai an nemi masu noma tsohon iri mai dogon kara don jinkar ɗaki.

Gadojin su ma sun sauya. Tsakanin 1938 da 1940 aka cire sarƙoƙin Telford aka sa na sabon ƙarfe don motoci masu nauyi. A daren 23 ga Mayun 1970 wasu yara suka shiga cikin akwatin Britannia da wuta a hannu, ta kama rufin da aka shafe da kwalta, zafi ya lanƙwasa ƙarfen har ya zama ba ya gyaruwa. Aka sake gina ta da bakan ƙarfe a kan tsofaffin hasumiyoyin, jirgin ƙasa ya dawo a 1972, a 1980 aka ɗora titin mota a sama. Zakunan nan huɗu suna nan inda Stephenson ya bar su, amma yanzu a ƙarƙashin titi suke, mai wucewa a mota ba ya ganinsu. A cikin hoton kara kuwa suna zaune a bakin ƙofa, akwatin ƙarfen na miƙe daga gaɓa zuwa gaɓa, jirgi na tunkararsa da hayaƙi.